Ɗan Hakin da Ka Raina: Der, Die, Das da Ɗalibin Hausa

Masu iya magana sun ce, a rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Wannan magana ita ce take faɗo mana a rai duk lokacin da muka zauna da 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata waɗanda suka ɗaura ɗamarar koyon Jamusanci, muka ji irin kukan da suke yi. Ba tsawon kalmomi suke kuka da shi ba, ko da yake akwai kalmomin Jamusanci da numfashi ɗaya ba ya ƙare su. Ba kuma lafazi ba ne, domin Bahaushen da ya iya furta ƙ da ɗ da ts babu baƙin da zai razana shi. Abin da ya hana su barci 'yan kalmomi ne guda uku, kowacce mai harufa uku: der, die, das. Mun sha ganin aji ya cika maƙil a makon farko, amma da an kai ga waɗannan 'yan kalmomi sai ka ga ana zarewa da ɗai-ɗai, wannan ya ce aiki ya yi masa yawa, wancan ya ce harshen ba shi da kan gado. Ra'ayinmu, wanda muke so mu kafa hujjarsa a wannan shafi, shi ne cewa a duk cikin masu koyon wannan harshe ɗalibin Hausa yana cikin waɗanda ba su da uzurin gudu, kuma abin da ya sa yake gudun shi ne bai san irin dukiyar da yake kwance a kanta ba.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mu faɗi abin da ya sa ta cancanci a ɓata tawada a kanta. Jamusanci harshen uwa ne ga mutane sama da miliyan 90, kuma harshen hukuma ne a Jamus da Ostiriya da Suwizalan da wasu ƙasashe maƙwabtansu. Mafi yawan jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin da ake biya na hidimar zango. A watan Maris na 2020 wata doka ta fara aiki a ƙasar wadda ta sauƙaƙa wa masu sana'a da ƙwararru daga wajen Turai shiga don neman aiki. Amma kusan kowace ƙofa akwai mai gadi a bakinta, mai gadin kuwa shi ne jarrabawar harshe, wadda aka kasa matakanta shida, daga A1 zuwa C2. Tun 2007 har wanda zai bi matarsa ko wadda za ta bi mijinta akan nemi su nuna shaidar matakin farko. Ashe ke nan maganar der da die ba wasan 'yan boko ba ce. Akwai wanda gurbin karatunsa, ko aikinsa, ko haɗuwarsa da iyalinsa, yake rataye a kansu.

To, mene ne ainihin matsalar? Kowane suna a Jamusanci yana da jinsi, kuma jinsin iri uku ne: namiji, da tamata, da kuma na uku wanda ba namiji ba ne ba kuma tamata ba, watau tsaka-tsaki. Kowane jinsi yana da 'yar kalmar da take tafiya a gaban sunan. Malaman nahawunsu suna kiranta Artikel, amma a makarantun firamare na Jamus akan koya wa yara ita da sunan Begleiter, watau ɗan rakiya, mu ma haka za mu kira ta. Namiji ɗan rakiyarsa der, tamata die, tsaka-tsaki das. Idan ka zauna cin abinci, cokalin da ke hannunka namiji ne, der Löffel, cokali mai yatsu tamata ne, die Gabel, wuƙa kuwa tsaka-tsaki ce, das Messer. Marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya yi wa harshen ba'a a kan wannan batu a 1880, yana mamakin yadda wani saiwar da ake ci a miya ya sami jinsin mace alhali budurwa, das Mädchen, an bar ta a tsaka-tsaki. Tun daga lokacin ake ta maimaita ba'ar, mu ma muka karɓa muna yi.

Amma sai mu tambayi kanmu: wane ne yake dariyar, kuma me ya sa? Mark Twain Turanci ya tashi da shi, Turancin Ingilishi kuwa harshe ne da ya yar da jinsin sunayensa tsakanin ƙarni na 11 da na 14, bayan da can yana da jinsi uku daidai da Jamusanci. Mai Turanci yana da hujjar ya yi mamakin a ce tebur namiji ne, domin kunnensa bai taɓa jin haka ba. Mu kuwa ina hujjarmu? Mun ari mamakin wani mun yafa, domin littattafan da muke koyo da su, da manhajojin da ke cikin wayoyinmu, galibinsu an shirya su ne don mai jin Turanci. Sai ɗalibi ya tashi daga Hausa, ya bi ta Turanci, ya ajiye jinsi a can, sa'an nan ya isa Jamusanci hannu rabbana yana tambaya wai ta yaya ƙofa za ta zama mace. Ga shi kuwa da safen nan da bakinsa ya ce wa ƙanensa, ƙofar nan ta lalace.

Mu tsaya mu dubi harshenmu da idon basira. Babu Bahaushen da zai ce rana ya fito, ko wata ta tsaya. Rana mace ce, wata namiji ne, ba tare da wani ya taɓa ba mu dalili ba. Haka yake a Larabci, haka kuma yake a Jamusanci: die Sonne, der Mond. Bafaranshe ne zai sha wuya a nan, domin a wurinsa rana ce namiji. Muna cewa riga ce, wando ne. Rigar Audu, wandon Audu. Wata mota, wani jirgi. Jinsi ya ratsa Hausa tun daga dirka har mahaɗi, tun daga wakilin suna har sifa. Akwai ma inda muka fi Bajamushe: mu muna bambanta kai da ke, shi kuwa du ɗaya yake ce wa kowa. Idan aka zo jam'i kuma, harsunan biyu sun yi tarayya a kan abu guda, watau jinsi yakan ɓace. Mu mu ce riguna ne, wanduna ne, su kuma su sa die a gaban kowane jam'i.

Bugu da ƙari, mun saba da ƙa'idar da take da togaciya. Kowane ɗan aji ɗaya a sakandare ya san cewa yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a tamata ne, amma ya san gida ne, ruwa ne, nama ne, suna ne. Ya san kuma gwamnati ce, Kano ce, Litinin ce, ko da yake babu a a ƙarshensu. Bai taɓa zama ya yi kuka a kan wannan ba, bai kuma ce Hausa ba ta da kan gado ba. Ya ji ne a bakin uwarsa, kowane suna tare da abin da yake rakiyarsa, har suka zama abu guda a kunnensa.

A nan wajibi ne mu ja kunne, kada a fahimce mu a baibai. Ba muna cewa jinsin Hausa shi ne jinsin Jamusanci ba. Wanda ya ɗauki haka zai faɗa rami. Gaskiya ne kare namiji ne a duka biyun, der Hund, kyanwa kuma tamata, die Katze, haka ƙofa, die Tür, da tebur, der Tisch. Amma kujera da take mace a wurinmu namiji ce a wurinsu, der Stuhl. Gida da ruwa da littafi da doki, waɗanda duk maza ne a Hausa, tsaka-tsaki ne a can: das Haus, das Wasser, das Buch, das Pferd. Ranakun mako da muke ce wa ta, su der suke ce musu. Abin da Hausa ta ba mu kunne ne da ya san cewa suna ba ya tafiya shi kaɗai, da zuciyar da ba ta neman dalilin halitta a cikin al'amarin nahawu. Sauran aikin namu ne.

Aikin kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba, domin ba gaskiya ba ne a ce jinsin Jamusanci caca ce. A farkon shekarun 1980 masana biyu, Klaus-Michael Köpcke da David Zubin, sun nuna cewa sigar kalma da ma'anarta suna bayyana jinsin sunaye masu ɗimbin yawa. Duk sunan da aka gina da ɗafa-ƙeyar -ung, ko -heit, ko -keit, ko -schaft, ko -tät, tamata ne: die Zeitung jarida, die Freiheit 'yanci, die Wissenschaft kimiyya, die Universität jami'a. Wanda aka gina da -ling ko -ismus namiji ne. Wanda aka ƙanƙanta da -chen ko -lein tsaka-tsaki ne, kuma a nan ne asirin budurwar Mark Twain yake: ɗafa-ƙeyar ce ta yi hukunci, ba wai Jamusawa sun kasa gane mace ba. Ranaku da watanni da lokutan shekara da kusurwoyin duniya maza ne. Aikatau idan aka mai da shi suna yakan zama tsaka-tsaki, kamar das Essen, abinci. Yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin e tamata ne, tamkar a ɗinmu, su ma da nasu gida da ruwa, irin su der Name, der Käse, das Auge, das Ende. Idan kuma aka harhaɗa sunaye biyu, na ƙarshe shi ke ba da jinsi: das Haus da die Tür su haifi die Haustür. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, domin muna cewa ƙofar gida ta karye, ba ya karye ba. Ƙofar ce uwar magana a duka harsunan, illa dai mu muna sa ta a gaba, su suna sa ta a baya.

Saura abu guda wanda ya fi ba ɗalibai tsoro, watau sauyawar ɗan rakiya gwargwadon matsayin suna a cikin jimla. Matsayin huɗu ne, idan aka haɗa su da jinsi uku da jam'i sai a sami gurbi 16. Amma kalmomin da suke cike waɗannan gurabe shida ne tak: der, die, das, den, dem, des. Wanda ya taɓa durƙusawa gaban malam a zaure ya karanta Ajuruma ya san wannan al'amari tun kafin ya ji sunan Jamus. Ya san suna yakan zo da rufu'a idan shi ne mai aiki, da fataha idan a kansa aikin ya faɗa, da kisira idan harafi ya ja shi. Abin da Balarabe yake yi a ƙarshen suna, shi Bajamushe yake yi a jikin ɗan rakiya. Kaico da ɗalibin da ya haddace wannan yana ɗan shekara goma sha biyu, sa'an nan ya zo jami'a ya rantse bai taɓa ganin irinsa ba!

Akwai masu cewa, kuma ba 'yan kaɗan ba ne, wai duk wannan wahalar banza ce. Suna cewa ka faɗi kowanne ya zo bakinka, ai za a gane ka, harshe don fahimtar juna aka yi shi. Ba za mu yi musun cewa akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu ba. Mai sayen burodi ba zai kwana da yunwa don ya kuskure ɗan rakiya ba, kuma wanda tsoron kuskure ya kulle masa baki ya fi mai kuskuren hasara. Amma mu ba sayen burodi ne zai kai mu can ba. Mu masu rubuta takardar neman gurbi ne, masu kare kundin bincike, masu rubuta rahoton majiyyaci, masu zama a teburin yarjejeniya da sunan hukuma. A irin waɗannan wurare ɗan rakiya yana ɗauke da ma'ana. Das Gehalt albashi ne, der Gehalt kuwa abin da wani abu ya ƙunsa. Die Steuer haraji ne, das Steuer sitiyarin mota. Der See tafki ne, die See teku. Der Leiter shugaban ma'aikata ne, amma wanda ya ce die Leiter, ko dai yana nufin shugabanni da yawa, ko kuwa ya kira tsani. Har ila yau, idan aka ce der Hund beißt den Mann, kare ne ya ciji mutum. Idan aka juya aka ce den Hund beißt der Mann, karen yana nan a farkon jimla, amma yanzu mutumin ne mai cizon. Harafi ɗaya ya raba mai laifi da wanda aka zalunta.

Wanda kuma yake tunanin zai tsira da dabarar sa die a ko'ina, sai ya duba lissafin ƙamus ɗin Duden, wanda aka fara bugawa a 1880: kimanin kashi 46 cikin 100 na sunayen da ke ciki tamata ne, kashi 34 maza, kashi 20 tsaka-tsaki. Ke nan mai wannan dabara ya yarda tun farko ya faɗi a fiye da rabin ƙamus. Kuma kuskuren ba ya tsayawa a wuri ɗaya, domin sifa da wakilin suna duk suna bin sawun jinsi, da ka kuskure na farko sai sauran su bi shi kamar awaki a bayan ja-gaba.

Za a iya ce mana, ai ko a gida akwai Hausawa da ba sa kula da jinsi. Haka ne. Hausar Gana ta yar da shi kusan ɗungurungum, a wasu sassa na ƙasar Zazzau da Bauchi ma za ka ji ana cewa rigan nan, kuma ba mu ɗauki wannan a matsayin aibi ba, karin harshe ne da tarihinsa. Su ma Jamusawa ba bakinsu ɗaya ba a kan kowace kalma: wani ya ce der Joghurt, wani ya ce das Joghurt, wani die E-Mail, wani das E-Mail. Amma duk wanda ya zauna jarrabawar Hausa ya san daidaitacciyar Hausa ake nema a takarda, kuma duk mun san yadda kunnenmu yake yi idan baƙo ya ce mana matata ya zo. Muna gane shi sarai, muna kuma yi masa uzuri, amma ba ma ɗaukarsa ya rubuta mana wasiƙar ofis. Abin da muke yi wa wasu shi za a yi mana.

Wani abin da ya kamata ya sa mu jin kunya shi ne tarihi. Wannan hanya da muke jin nauyin bi, Jamusawa sun biyo ta zuwa gare mu tuntuni. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 yana magana da mutane da Hausa. James Frederick Schön, haifaffen ƙasar Jamus, ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai. Adam Mischlich ya zauna da Imam Umaru a Kete-Krachi, ya kuma fitar da ƙamus ɗinsa na Hausa a 1906. A shekarun 1960 Muryar Jamus ta fara watsa shirye-shirye da harshenmu. Waɗannan mutane sun yi fama da ne da ce, da gidan da rigar, ba su da na'urar ɗaukar murya, ba su da intanet, amma ba su ce Hausa ba ta da kan gado ba. Sun zauna sun tambaya sun rubuta. Mu da muke da komai a tafin hannu, 'yan kalmomi uku sun kore mu daga aji.

Saboda haka ga shawararmu ga mai koyo, kuma ba sabuwar hikima ba ce, hanyar makarantar allo ce. Kada ka taɓa rubuta suna tsirara a littafinka. Kalmar ba Tisch ba ce, der Tisch ce, kuma ka haɗa da jam'inta, die Tische, ka ɗauke su tamkar kalma ɗaya. Ka karanta da ƙarfi, kana maimaitawa, domin kunne ne ma'ajin jinsi, ido ɗan taimako ne kawai. Ka sa kowane sabon suna a cikin gajeriyar jimla wadda ta shafi rayuwarka. Ka haddace ɗafa-ƙeyoyin nan tun a watan farko, domin za su ɗauke maka nauyin dubban kalmomi, ka bar ƙarfinka ga gajerun sunaye na yau da kullum waɗanda su ne ba sa jin magana. In kana so, ka ware tawada kala uku, kowane jinsi da tasa. Kalma goma a rana tare da 'yan rakiyarsu sun fi hamsin da aka tara babu su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya saba da kuskure shekara biyu sai ya yi wasu biyun yana kankarewa. Sa'an nan ka buɗe baki ka yi magana, ka yi kuskure, a gyara maka, ka gode.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai kuwa, da malamanmu na sassan harsuna, muna da roƙo. Littattafan da suka haɗa Hausa da Jamusanci yawancinsu an yi su ne don Bajamushe mai son koyon Hausa. Lokaci ya yi da za a juya akalar. Muna da masana nahawun Hausa, muna da waɗanda suka yi karatu a Jamus suka dawo, muna da 'yan'uwa a Nijar da Kamaru da suke koyon wannan harshe. Me zai hana a zauna a shirya ɗan littafi, ko da mai shafi hamsin ne, wanda zai koyar da der, die, das daga rana da wata, da ƙofar gida, da Ajuruma, ba tare da an ratsa ta Landan ba? Kafin a kai ga haka, ƙungiya tana iya ware yamma ɗaya a mako, masu koyo su haɗu su yi bita da baki, wanda ya yi nisa ya ja na baya.

Daga ƙarshe, muna tunatar da kanmu cewa wanda bai san nahawun harshensa ba zai sha wuya a nahawun kowane harshe, kuma da yawa daga cikinmu sai a ajin Jamusanci suka fara jin cewa Hausa tana da jinsi. Wannan laifinmu ne, ba na Jamusawa ba. Duk wanda ya bar aji saboda waɗannan 'yan kalmomi uku, muna kiransa ya koma ya ɗauki littafinsa, ya fara daga die Sonne da der Mond, waɗanda ya riga ya san jinsinsu tun yana goye. Allah ya buɗa mana basira, ya sa abin da muka koya ya amfani ƙasa da jama'arta, amin.